Ƙararrawar Goho

Tun da cutar yanar ido ta rufe idanun Kili, tsoho mai amalanke bai ƙara ɗaura masa kaya ba. Ya ce dokin ya yi masa bautar da ta isa. Sai ya sake shi a filin kiwon da ke bayan gida, shi da Goho, jakin da suka tsufa a turke ɗaya.

Filin nan da aibinsa. A gefe akwai ramin da masu bulo suka haƙa, mai zurfi, bakinsa a tsaye kamar bango, hanyar rafi kuwa ta kusa da shi ta bi. Shi ya sa tsohon ya ɗaura wa Goho 'yar ƙararrawa a wuya. Sauran kuwa ba wanda ya koya musu. In Goho ya nufi ruwa, Kili ya ɗaga kunne ya bi ƙarar. In an bar dokin a baya, jakin ya tsaya yana girgiza kai har sai ya ji numfashinsa a gadon bayansa. Rana ta yi zafi, su tsaya kai da wutsiya, kowa na kore wa ɗan'uwansa ƙuda.

Wata safiya ƙanin tsohon, mai buga bulo, ya yi sallama.

"Yaya, ara mini malalacin jakin nan naka. Motar da za ta kwashe mini bulo ta mutu a hanya."

"Idon Kili kake so in ara maka?"

"Kai, Yaya! Doki har da ɗan jagora? Ni da muka fito ciki ɗaya ko sanda ba ka taɓa riƙe mini ba."

Tsohon ya yi 'yar dariya, ba don ransa ya so ba. "Ka dawo da shi kafin rana ta faɗi. Kada ka cika masa kaya."

Ya ɗaure Kili a inuwa da tsohuwar igiya, ya ajiye masa ruwa a bokiti. Dokin ko shinshinawa bai yi ba. Sai juya kunnuwa yake yi, yana haniniya ƙasa-ƙasa.

Can da yamma iska ta taso. Tsohon na kishingiɗe a ɗaki, yana shafa man zafi a gwiwa, sai ya jiyo ƙararrawa. Hankalinsa ya kwanta, ya ce sun dawo. Amma da ya ƙara saurarawa sai ya tashi zaune. Ya san tafiyar Goho a cikin ƙarar nan, tana matsowa, tana tsayawa. Wannan kuwa wuri ɗaya take, iska ta busa ta kaɗa, iska ta lafa ta yi shiru.

Ya fito ba takalmi. Igiya a tsinke. Ga Kili can tsakiyar fili, kai a sama, yana tafiya cikin natsuwa yadda ya saba. Ga ƙararrawar tana lilo a reshen ƙaya, daidai bakin ramin.

"Kili! Kili, tsaya!"

Dokin ya juyo da kunne ɗaya, ya gane muryar. Sai iska ta sake busawa, ƙararrawar ta kaɗa. Ya ci gaba, har ya afka ramin.

Ko da ƙanin ya dawo da Goho, ya tarar da yayansa zaune a bakin rami, maƙwabta sun riga sun gama abin da ya rage a yi wa dokin da ƙafafunsa suka karye.

"Wallahi, Yaya, ƙarar ce ta cika mini kunne ina lodi. Na ce in rataye ta nan, in na dawo in mayar masa."

Tsohon ya miƙe ya ciro ƙararrawar daga reshen ƙayar. Goho ya je bakin ramin ya leƙa, ya daɗe a tsaye, bai yi kuka ba.

Washegari jakin ya kama hanyar rafi shi kaɗai. Ya ɗan taɓa tafiya, ya tsaya, ya girgiza kai, wuyansa ba komai. Ya jira. Tsohon na kallonsa daga ƙofa, ƙararrawar na cikin aljihunsa, ya cusa mata tsumma don kada ta yi ƙara.