Gida Mai Lamba Tara

Mai fenti na kan tsani yana rubuta TA ƊAYA A BIRNI a jikin katangar makaranta, yara na ƙasa suna karanto haruffan tun ba su bushe ba. Malamar lissafi ta tsaya a bakin ajinta da alli a hannu. Shekara goma sha bakwai ke nan tana fama da 'ya'yan 'yan dako da masu wanki, ko ranar hutu ba ta ɗaga musu ƙafa. Ga shi yau jarida ta buga makarantarsu a saman kowa.

Da ta koma gida, mijinta tela ya tsokane ta, wai daga yau sai ya cika takarda kafin ya gan ta.

* * *

Ba a rufa wata shida ba aka kwashe bolar unguwar, aka shimfiɗa kwalta a layin da suka gaji da roƙo a kansa. Hukumar ilimi ta ce mazauna unguwar kaɗai ke da gurbi a makarantar, sai masu hali suka yi ca a kan gidajen. Rumfar mai facin taya ta koma shagon furanni. Duk safiya Malama sai ta tarar da wani benci ya yi giɓi.

Mai gidan da suke haya a layin bayan makaranta ya zo da kansa. Dattijo ne, jikokinsa uku sun bi ta hannunta. Ya ja gaisuwa ta yi tsawo, idonsa a ƙasa, kafin ya faɗi cewa an taya gidan ninki uku, 'ya'yansa kuma sun matsa masa.

"Malama, albarkarki ce ta sauka a unguwar nan," in ji shi. "Kunyarki nake ji wallahi."

Ta ce babu komai, har ta raka shi bakin ƙofa.

Suka koma bayan gari, inda sai ta shiga mota biyu kafin ta iso aiki. Shugaban makaranta ya yi ta ba ta haƙuri ranar da ya cire sunan Autarta daga aji huɗu, doka ce. Yanzu Auta na makarantar bayan gari, zaune a ƙasa cikin yara casa'in, tana koya wa na kusa da ita jadawalin sau.

* * *

Ranar ɗaukar sababbin ɗalibai aka zaunar da Malama a teburin rajista. Wata mata mai fara'a ta miƙo takardun 'yarta, ta ce don makarantar nan kawai suka taso, sun sayar da motarsu ma. Malama ta tambayi adireshi.

"Layin bayan makaranta, gida mai lamba tara."

Alƙalamin ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

Matar ta ce gidan ba laifi, sai dai ƙofar kicin ce ke cijewa, kullum sai sun yi dambe da ita.

"Ki ɗan ɗaga ta sama kafin ki tura," in ji Malama, ba ta ɗago ba.

Ta buga hatimi, ta kira na gaba.