Fayil Ɗin Ƙarshe na Baba

"Wa ya aike ka?" in ji Yaya. "Auta, da kai nake. Wa ya aike ka?"

"Gyara na yi, ba ɓarna ba."

Tana tsaye a kansa, ko jakarta ba ta ajiye ba. Shi kuma yana zaune gaban kwamfutar shagon buga takardu da Baba ya rasu ya bar musu. Da safen nan ya canza yadda kwanan wata ke fitowa a akwatin da kwamfutar ke jera fayil-fayil. A da kowane fayil da doguwar jelarsa: rana, wata, shekara, har awa da minti. Ido na gajiya. Yanzu sai "yau", "jiya", "bara".

Yaya ta dangwala yatsa a kan wani layi can ƙasa. Zanen sabon allon shago ne, aikin da Baba ya taɓa na ƙarshe kafin a kwashe shi zuwa asibiti.

"Bara," ta karanta. "Uban naka ne bara?"

Sai a lokacin ya gane. Kullum in ta shigo takan buɗe akwatin nan, ta duba, ta rufe. Shi a zatonsa aiki take nema. Ashe lokacin take dubawa, mintin da hannun Baba ya bar wurin.

Kunya ta kama shi, ita ta sa ya ɗaga murya.

"Komai na nan, Hajiyar rigima. Riga kawai na sauya masa. Ki gani."

"Kada ka buɗe."

Ya riga ya buɗe. Sunan shagon ya bayyana, rabi da launi, rabi babu. Harafi ɗaya ya ɗan karkace. Auta bai yi shawara da kowa ba, hannunsa ya miƙar da shi, ya danna adanawa. Haka Baba ya koya masa da ranƙwashi: ba a rufe aiki ba a adana ba.

Ya koma ya mayar da kwanan wata yadda yake a da. Jelar kowane fayil ta dawo. Na Baba kuwa ya taso daga ƙasa ya haye saman jeri, ɗauke da ranar yau da mintin da ya wuce.

Fanka na ta juyawa. A bakin ƙofa wani ya leƙo ya ce fotokwafi, ya ga fuskokinsu, ya ja da baya.

Yaya ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta jawo kujerar roba ta zauna, jakar a cinya.

"Akwai dabara," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ki faɗa min lokacin, in mayar. Ba wanda zai gane."

Ta daɗe tana kallon harafin da ya miƙar.

"To in ka mayar, Auta, hannun wa ke nan ya taɓa shi ƙarshe?"