Bayan Lasifika

A Talata Mafara duk wanda zai tara jama'a, ko wa'azi ko ɗaurin aure, Maiwada yake nema. Shekara ashirin yana kafa lasifika, kuma ba ya ɗaura waya sai ya taka fili da ƙafarsa, yana tafa hannu yana sauraron inda amo yake dawowa. Yana da ɗan cika baki, amma ya iya aikinsa.

Ranar saukar Alƙur'ani ta Islamiyyar unguwarsu kuwa aikin na gida ne, domin 'yarsa Hamdiyya ce aka zaɓa ta yi karatun rufewa. Mahaifiyarsa, Inna Marka, ita ta rene ta. Idon tsohuwa ya tafi shekara uku ke nan, kunne kaɗai ya rage mata. Duk da haka ta sa aka goyo ta a mashin tun daga Janbako, a kan wannan hanya mai karya ƙugu, don kawai ta ji muryar jikarta.

Maiwada ya yi aikin yadda ya saba. Lasifika huɗu ya ɗora a kan sanduna, duka ya juya bakinsu rumfar maza, inda malamai da manyan baƙi za su zauna. Janareta kuma ya ja shi can baya, kada ƙararsa ta dami manya. Mata dama a bayan sandunan ake shimfiɗa musu tabarmi, kuma a shekarun nan duka babu wadda ta taɓa zuwa ta ce masa ba ta ji. Shi ma bai taɓa taka wajen ya tafa hannu ba.

Hamdiyya ta yi karatu, murya tar, ko tsuwwa babu. Wani malami har da share hawaye. Maiwada yana tsaye gaban na'urarsa, kansa ya yi girma, maza suna miƙo masa hannu suna barka.

Da aka shafa fatiha ya zagaya baya ya kashe janareta. Nan ya tarar da Inna a bakin tabarma, taku biyar daga injin, hayaƙi ya sa ta rufe hanci da mayafi. Wuri mai inuwa matan suka zaɓa mata. Ya dubi bayan lasifikun nan huɗu, ya san abin da ya yi, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Ya durƙusa. "Inna, sannu da zama."

Ta lalubo hannunsa tana murmushi. "Maiwada na? Madalla da kak kashe abin ga, ya cika man kunne tun da sahe." Ta gyara zama, ta janye mayafi daga kunnenta. "To, ce musu su kira ɗiyar tawa. Yanzu ni ka iya ji."