Hijirar Mutanen Cikina

Jiya, a barcin ƙailula, na yi wani mafarki, Allah Ya sa alheri ne. Na kwanta da damuwata: kumburin ciki ya hana ni riƙe alwala, ga shi ni ke jan sallar Juma'a.

Sai na gan ni a wani gari mai lungu ɗaya, dogo, mai lanƙwasa, inda hadari ke tasowa daga ƙasa, tsawa kuma tana fita ta ƙofar baya. Mutanen garin ƙanana ne, ido ba ya iya ganinsu, amma da ikon Allah na gan su, kowa da ƙunshin kaya a ka. Mai unguwarsu, wani bunsuru mai tabarau, ya yi mini barka da zuwa hanjina.

Na tambaye shi ina jama'a za su. Ya ce hijira. Su ne masu taya ni narkar da abinci, masu tsare gari daga miyagun ƙwayoyi, amma tun da na hana wake da albasa shiga gidana don kare alwala, fari ya sauka. Ya kuma gode mini da kafson da nake haɗiya duk sa'ad da cikina ya yi ƙugi, wanda ba ya bambance ɓarawo da mai gadi.

Na ce ai ina shan kindirmo.

"Madalla, Malam. Kullum kana aiko mana baƙi cikin ƙwarya, babu ko lomar da za su ci. Wa'azinka kan haƙƙin maƙwabci kuwa muna jin sa ta bango. Yana ratsa jiki."

Nan take muka tsinci kanmu a kasuwa. Farar shinkafa ta wuce ba ta gai da kowa ba. Dusar gero, wadda nake zuba wa awaki, tana zaune bisa darduma ana yi mata fifita. Wata tsohuwa cikin masu hijirar, Iya Tabawa, ta sauke kayanta, ta ce za su fasa tafiya in an ga wake. Na tunatar da ita wake shi ke ta da iska. Ta ce a fara da kaɗan. Mayunwaci ba ya cin abinci shiru.

"In ba a ga waken ba fa?" in ji ni.

"Ai na'ibinka ma yana da muryar jan salla."

Na buɗe baki zan kawo hujja, sai ƙarar tsakuwa a faranti ta tashe ni. Iyalina Ladidi ce ke tsintar wake a ɓoye, tana zaton barci nake. Na mai da idona na rufe.