Abin da Rahmatu Ta Binne a Gonar Malam

Wata bakwai Rahmatu ta yi tana riƙe da sirrin mahaifinta, ko bango bai ji ba, don ita ta yarda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mahaifin nata, Malam Datti, ya shekara arba'in yana karantarwa a wani ƙauye a yankin Dingaya. Amma tsufa ba ruwansa da sani. Tun wata jinya da ya yi, fitsari ya daina jiran izininsa. Ranar da ya fara tashi ya tarar da shimfiɗarsa a jiƙe, kwana biyu bai iya kallon idon 'yarsa ba. Ita kuwa, da ta dawo gida tun rasuwar mijinta, bayan rumbu ta zagaya ta sha kukanta. Malam ya daina fita masallaci, aka ce wa mutane gwiwa ce.

Rahmatu ta tsallake kemis na kusa, ta hau mota har Birnin Kudu inda ba wanda ya san ta. Mai kemis ɗin, wata Hajiya Hadiyya, ta baje mata kaya.

"Ga famfas na manya, a sa a yar. Ga kuma ƙyalle mai kauri, ki shimfiɗa leda a katifa, ki wanke ki shanya. In sauƙi kike nema, 'yar'uwa, ƙyallen nan ne. Sai ya shekara."

"In shanya a ina, Hajiya? Danga ce da mu. Abin da ke kan igiyarmu, duk mai wucewa ya gani."

Sai ta ɗauki famfas ɗin, katan guda, tunda ya fi sayen ɗai-ɗai araha. Akuyarta ce ta tafi a kai, ba ta ko waiwaye ta ba.

Saye bai zama wahala ba, zubarwa ce aiki. A juji karnuka za su tone. Wuta ba ta cin jiƙaƙƙen abu, sai hayaƙi mai kiran maƙwabta. Sai ta riƙa naɗe kowanne tamau, ta tara a buhu, ta fita da rana tsaka lokacin rani, sa'ad da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Ta bi iyakar gonarsu da ta maƙwabcinsu Yahuza tana binnewa a jere. A ganinta ƙasar da ke cinye mutum da likkafaninsa ba za ta gaza a kan wannan ba.

Ran nan aka yi ruwan shuka, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi Rahmatu ta ji salati daga wajen gonaki, ta ja mayafi ta bi mutane.

Abin da ta gani sai da ya firgita ta, ita da ta san ko mene ne. Ruwa ya kwashe ƙasar sama, ga su nan sun fito, farare cikin laka, sun kumbura sun yi suntum, a jere tun daga gindin kuka har bakin kwari. Wasu rabi ne a waje, kamar suna kan fitowa. Babu iska, tsuntsaye ma sun yi shiru. Yahuza ya sari guda da fartanya. Abin ya buɗe ba ƙara, wani abu mai kama da ƙwan kwaɗo ya zubo yana rawa, ya daɗe bai daina ba.

"Duk gabas suke kallo," in ji wani dattijo. "Kamar kaburbura."

Wata mata ta leƙa ta ce, "Ni kam kamar irin na jarirai nake gani."

"Jaririn wa?" in ji ta kusa da ita. "Dubi faɗinsa. Wace uwa ce ta haifi mai wannan ƙugu?"

Nan take kowa ya ja da baya, aka shiga neman tsari. Yahuza kuwa ya ɗora hannu biyu a ka. San nomansa ya mutu a bazara, matarsa na kwance tun azumi, ga shi yau ya ga dalili da idonsa. "Binne mini aka yi! Wallahi sammu ne!"

Sai tsohuwa Ummussalma mai itace ta yi gyaran murya. "Na sha ganin mai binnewa, da rana tsaka. Na ɗauka ba mutum ba ce, shi ya sa na kama bakina. Amma shuɗin mayafi gare ta."

Idanu suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Shuɗin mayafin na kan Rahmatu.

"Rahmatu, me na yi miki?" in ji Yahuza.

Kalma uku ta ishe ta wanke kanta. Ta tuna kwana biyun nan da Malam ya kasa kallonta, ta haɗiye kalmomin. Gara a kira ta matsafiya har ta mutu. Tsoro ne fal cikinta, amma ta yi shiru, shirun nan kuwa mutane suka ɗauke shi amsa.

Wa zai karya sammu a garin in ba Malam Datti ba? Aka je aka taho da shi, yana dogara sanda. Bai taɓa tambayar inda 'yarsa ke kai kayan ba, kunya ba ta bar shi ba. Ya taɓa guda da bakin sanda. Ya bi jeren da ido har bakin kwari, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi Rahmatu. Ta girgiza masa kai a hankali, tana roƙonsa da ido.

"Yahuza," in ji Malam, "babu wanda ya yi maka sammu. Waɗannan nawa ne. Ba gwiwa ce ta hana ni masallaci ba, fitsari ne ba na iya riƙewa. Yarinyar nan asirina take binnewa kullum cikin rana, ƙasa ta ƙi karɓa."

Manyan mutane masu furfura, waɗanda ya koya wa alwala da hannunsa, suka sunkuyar da kai. Yahuza ya saki fartanya ya durƙusa cikin laka.

A hanyar gida Rahmatu ta riƙe masa hannu tana kuka. "Baba, da ka bari. Ni zan iya ɗauka."

"Na san za ki iya, shi ya sa ban bari ba." Ya tsaya ya huta a kan sandarsa. "Ba kin ce akwai mai araha, na wankewa ba?"

"Akwai, Baba. Sai dai shanya."

"To, ki sayo. Ki ɗaura igiyar a inda rana ta fi bugawa."