Jan Furen Doña Amparo

Tun da fetur ya yi tsada a birnin Cali, Wilmer mai gyaran lambu ya daina sayen dashe. Sai ya faki ido ya ciro a gidan wannan, ya dasa wa wancan.

Yana ban ruwa a wani sabon gida sai ga Doña Amparo, wadda ya ciro jan fure a gidanta ya dasa a nan. Ashe yayar matar gidan ce. Ta tsaya kan furen, ta daɗe tana kallo.

"Wilmer, tun rasuwar mijina ƙanwata ke roƙona furen nan ina hana ta."

Ruwa na zuba a takalminsa, bai motsa ba.

"Tumɓuke shi yanzu," in ji ta, daidai lokacin da ƙanwar ta fito da kofi tana murmushi.