Ranar Ƙirga Ɗalibai

Dragutin ya zare jakar littattafai daga kafaɗar jikarsa Smilja, ya rataye a ƙusar bayan ƙofa.

"Yau babu makaranta. Sa takalmin hawan dutse."

"Kaka, Malama ta ce yau ko mutum yana mutuwa ne ya zo. Mai duba makarantu zai iso daga birni."

"Mutuwa kike yi? To kin ga maganar ba ta shafe ki ba."

Ya san da zuwan mai dubawar sarai. Kowa a ƙauyen Vrtop ya san yara huɗu suka rage a makarantar, kuma in aka tarar ba su kai huɗu ba, rufe ta za a yi, Malama Radojka ta rasa aiki. Kwana goma yana jiran wannan safiya, tun ranar da ta aiko masa da wasiƙa. Shi da bai wuce aji uku ba, sai ya miƙa wa mai kawo wasiƙu a shagon shan kofi. Mutumin kuwa ya karanta da ƙarfi: yarinya ta yi fashin kwana ashirin da shida, kuma mai riƙonta ya fi ta bukatar mai riƙo. Aka yi ta dariya har mai shago ya ɓarar da kofi.

Suka hau dutse ta cikin itatuwan daji, har wurin maɓuɓɓugar nan mai numfashi. Ruwanta kan ɗauke ƙaf, a ji gurnani a cikin dutse kamar cikin mayunwaci, can sai ya ɓarko. Dragutin ya shekara sittin yana zuwa, bai taɓa gane lokacinta ba.

"Wannan akwai shi a littafin Malamarki?"

"Babu," in ji Smilja. Amma idonta yana can ƙasa, kan jan rufin makaranta, da wata farar mota da ta tsaya a ƙofarta.

Ya yanka mata burodi da cuku. Shi ma motar yake kallo, yana taunawa a hankali. Sai da ta tashi ta bi hanyar birni ya ce su sauka.

Suka tarar da Malama Radojka zaune a bencin ƙofar gidansa, da kwalbar zuma a cinyarta.

"Sannu da hawan dutse, Baba Dragutin."

"Yawwa, Malama. Yaya lissafi? Uku da babu nawa ne? Ni kin san jahili ne."

"Uku ne. Ya ƙirga har sau biyu, ya sa hannu. Ƙarshen wata za a rufe." Ta miƙa masa zumar. "Ga tukuici. Shekara bakwai ina roƙon a mayar da ni birni kusa da mijina, ana cewa ba mai maye gurbina. Yau ka gama mini da safiya ɗaya."

Dragutin bai karɓa ba. Ta ajiye a kan benci.

"Su sauran yaran motar haya za ta riƙa kai su wata makaranta. Smilja kuwa, na kira uwarta a waya daga ofis. Ta ce ba za ta bar ta tana bin mota cikin ƙanƙara ba, balle da wannan fashin. Ran Asabar za ta zo ta tafi da ita birni gaba ɗaya."

"Wa ya ce ki kira ta?"

"Doka, Baba. Da wasiƙa zan rubuta, sai na tuna da shagon kofi."

Ta kaɗe siket ɗinta ta tafi.

Smilja ta kama hannun rigarsa tana tsalle.

"Birni, Kaka! Wurin Mama! Yau Talata ko? Saura kwana nawa?"



"Huɗu," ya ce.

"Ina akwatin nan mai ruwan ƙasa?"

"Yana saman kabad. Bari, ba za ki kai ba."

Ya shiga ciki ya jawo kujera.